Amsa: Shin marubuciyar ta wanke 'ya'yan masu kuɗi ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko S. E. Hinton ta wanke 'ya'yan masu kuɗi a littafinta The Outsiders na 1967, tunda ta nuna su ma suna da damuwa. A ganina ba ta wanke su ba.

Tana 'yar sakandare a garin Tulsa na Amurka ta rubuta shi, ta san rabuwar matasan garin da idonta. A littafin, ƙungiya biyu ce: Greasers talakawa a gabas, Socs 'ya'yan masu kuɗi masu motoci a yamma. Socs ɗin ne suka danna kan Ponyboy, jarumin labarin kuma ɗan Greasers, cikin ruwa har ya kusa mutuwa, shi ya sa abokinsa Johnny ya daɓa wa Bob, ɗaya daga cikin Socs ɗin, wuƙa ya mutu. Ba ta ɓoye wannan ba.

Amma sai ta kawo Randy, abokin mamacin, yana gaya wa Ponyboy cewa iyayen Bob ba su taɓa tsawata masa ba, kuma shi kansa Randy ya gaji da faɗan. Nan ne ya fi taɓa min zuciya, domin Bob yaro ne da aka sangarta har ya lalace.

Sai dai tausayin bai daidaita su ba. Randy na da uba mai hali a bayansa. Ponyboy kuwa maraya ne, kullum yana fargabar hukuma ta raba shi da yayyensa biyu.