Amsa ga mai tambaya kan tura ɗanta koyon aiki

Malama, kin ce makaranta za ta tura ɗanki mai shekara 16 wurin walda da ƙere-ƙere na mako shida don sanin makamar aiki, kina tambayar abin da za ki duba kafin ki amince. Na daɗe ina karɓar irin waɗannan yara a wurin aikinmu, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Ki je wurin da ƙafarki, ki tambayi wa aka ɗora wa alhakinsa, ki nemi sunan mutum ɗaya. Idan aka ce miki "ai duk muna nan, za mu lura da shi", ki sani babu mai lura da shi ke nan. Kowa zai ɗauka wani na kallonsa, shi kuma yaro ba zai buɗe baki ya ce bai gane ba. Kunya ce ke cin su, ga son a ce sun iya. Ka nuna masa abu, ka ce ka gane? Ya gyaɗa kai, alhali ko rabi bai kama ba. Shi ya sa na daina wannan tambayar, sai dai in ce yi in gani.

Wani yaro da aka taɓa kawo mana, a rana ta biyu ya tsaya bayan mai walda yana kallon wutar ba gilashi. Bai ji komai ba, ya tafi gida lafiya. Tsakar dare mahaifinsa ya kira ni, wai yaro na kuka, ido ya yi ja kamar an zuba masa yashi, ya kasa buɗewa. Haka hasken walda yake, sai bayan awa 6 zuwa 12 ciwon ke tashi. Ya warke cikin kwana biyu, amma laifina ne, domin na ba mai waldar gilashi, na manta da ɗan kallo. Tun daga ranar, duk wanda zai tsaya kusa sai ya sa gilashin kare ido.

Ki dubi injin yankan ƙarfe na hannu, ko murfin faifansa na nan. Masu aiki da yawa suna cire shi wai yana tare musu gani, ga faifan yana iya juyi fiye da sau 10,000 a minti, in ya fashe kuwa fuska yake nema. In kin ga an cire, kin san halin wurin. Safar hannu ma ba ko'ina take da amfani ba: kusa da injin huda ƙarfe da duk wani mai juyawa, ita ce ke kamawa ta ja hannun ciki, haka riga mai faɗin hannu. Ƙarar injuna kuma, in sai kin ɗaga murya kafin na kusa da ke ya ji ki, ta kai inda ake buƙatar toshe kunne. Iyakar da aka fi bi ita ce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) na tsawon awa 8 na aiki.

Kina da hujjar yin magana. Yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1973, ta sa shekara 18 ga aiki mai haɗari. Ta ba ƙasashe damar sassautawa zuwa 16, da sharaɗin an kare lafiyar yaro da tarbiyyarsa, an kuma ba shi horon da ya dace da aikin. Don haka ki nemi makaranta ta rubuta abin da zai taɓa da wanda ba zai taɓa ba, lokacin zuwa da tashi, da wanda zai ɗauki nauyin magani in ya ji rauni.

Akwai kuma abin da iyaye ba sa son faɗa. Kada a bar yaro, mace ko namiji, shi kaɗai da babba ɗaya bayan kowa ya watse, kada a riƙa aikensa gidan wani, kada wani ya riƙa kiransa a waya da dare da sunan aiki. Ki gaya masa tun yanzu, duk ranar da hankalinsa bai kwanta ba ya ajiye kayan ya kira ki, ba za ki yi faɗa ba.

In ya dawo da yamma, "lafiya lau" kawai zai ce miki. Ki tambaye shi wane inji ya taɓa yau, wa ke tsaye kusa da shi lokacin, ki kuma dubi hannayensa da idonsa, musamman a makon farko.