Tambayoyin Masu Karatu: Na ƙara wa babur kariya, yanzu kansa rawa yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, ina saida atamfa da shadda da yadi, ina bin kasuwanni da babur ɗina Boxer, wani lokaci har Koko har Yauri. Kwanan baya na kai shi wurin mai walda ya ƙara min kariya, ya ja ta baya sosai ya kuma faɗaɗa ta don dila biyu su zauna. Toh tun daga lokacin in na ɗaura kaya na hau titi na sa giya ta huɗu sai in ji kan babur ɗin na rawa a hannuna, in na faɗa rami kuma kamar tayar gaba za ta tashi. Bakanike na ya ce in ƙara shoka biyu su zama huɗu. Dan Allah mi kake gani? Daga mai karatu a Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa ma kasuwa albarka. Kafin mu je maganar shoka, dan Allah kar ka sake hawa titin Koko da wannan lodin yadda yake, don titin nan shi ne babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Jega da Koko da Yauri ta nufi Kwantagora, tirela da tankar mai ba sa yankewa a kai, kuma iskar da tirela ke bugo wa mutum in ta gifta ta isa ta kada babur ɗin da dama can kansa ba ya zaune.

Abin da ke faruwa shi ne, duk nauyin da ya wuce tsakiyar tayar baya zuwa baya, ɗaga gaba yake yi. Tayar baya ta zama madogara, dilar ka tana danne gindi, tayar gaba tana rasa nauyin da ke manne ta da kwalta. Ita kuwa tayar gaba da ita kake juyawa, kuma in aka taka birki nauyi gaba yake tafiya, ita ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Wannan rawar da kake ji a hannu alama ce tayar ba ta kama ƙasa yadda ya kamata.

Shoka huɗu za su hana babur ɗin durƙushewa in ka faɗa rami, gaskiya ne, bakaniken bai yi ƙarya ba. Amma ba za su matsar da nauyin gaba ko da taƙi ɗaya ba, kuma abin da ya fi damuna da su shi ne mutum ya ga babur ya miƙe tsaf sai ya ga ai akwai sauran wuri, ya ƙara dila ta uku, alhali birkin nan shi ne dai na kamfani, taya ita ce, sifoka da boris da cen duk ba wanda aka canza. Ka fara duba shokar da ke jiki, yawancinsu suna da matakai a gindin sifirin ɗin da ake murzawa a ƙara musu tauri, a murza duka biyun su tsaya a mataki ɗaya, sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Shawarata ka koma wurin mai waldar ya yanke abin da ya ƙara ta baya. Dila mafi nauyi ta zauna a wurin zaman fasinja, ta jingina da bayanka, kariyar kuma a bar ta ga kaya marasa nauyi, tabarmar shimfiɗa kaya, tamfol, jakar tufafinka. Dila ta biyu kuma ka kwance ta ka raba gida biyu, a ɗinka maka jakunkuna biyu na tamfol mai kauri su rataya gefe da gefe kamar mangalar jaki, ƙasa-ƙasa, nauyinsu daidai. Ka kai su kan sikelin masu hatsi ka gani da idonka, kar ka auna da hannu, turmin atamfa da shadda ba nauyinsu ɗaya ba. A yi musu ɗan ƙarfen tsaro a kowane gefe yadda jaka ba za ta leƙa cikin taya ba.

Kuma wannan ƙarfen a ɗaura shi da noti a inda kamfani ya bar huda, kar a yi ta zuba walda a jikin shasi. Bututun shasin ƙananan babura ba shi da kauri, zafin walda yana raunana shi, kuma daidai gefen waldar yake tsagewa wata rana a kan hanya. In dole sai an yi walda a jiki, a sauke tanki a cire batir tukuna.

Sai ka yi lissafi. A ce kai kilo 65 ne, dila ɗaya 40, jakunkuna 15-15, ƙarfen kariya 8, kaga ka haura kilo 140 ba ka ma sa ruwan sha ba. Littafin da ke zuwa da babur yana ɗauke da iyakar nauyin da zai ɗauka, da awon iskar taya kala biyu, na mutum ɗaya da na goyo, na goyon za ka bi. A auna da geji da safe taya na sanyi, banda irin na mai facin da zai ƙwanƙwasa ta da sifana ya ce ta yi.

TAMBAYA: Malam ni malamin makaranta ne, iyalina suna Birnin Kebbi ni kuma ina aiki wajen Kamba, duk Juma'a ina tahowa gida in koma Lahadi. Da danƙo nake ɗaure kaya, ranan ya tsinke ya tsula min a fuska, sannan salansa ta ƙona min jaka har da takardun ɗalibai. Igiya ta fi ko danƙo?

AMSA: Sannu Malam, Allah ya ƙara kiyayewa, an yi sa'a bai samu ido ba. Kowanne da aikinsa. Igiya ko bel mai ƙugiya shi ne ke riƙe kaya, danƙo kuma a bi da shi a kai ya hana su girgiza. Danƙon tsohon tif rana ce ke cinye shi, kuma ka san zafin wajenmu daga Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, in ka ja shi ka ga ƙananan tsaga-tsaga a jikinsa toh ya mutu, jefar da shi kawai. In za ka ja shi kuma ka kauda fuskarka daga saitinsa. Ɗaurin ya zama an gicciya, gaba da baya, dama da hagu, sannan bakin igiyar da ya rage a cusa shi a ƙulle, don igiya mai reto in ta shiga cen ko sifoka nan take za ta kulle taya. Bayan ka gama ka kama kayan ka jijjiga da ƙarfi, in babur ɗin ne ya motsa gaba ɗaya ɗauri ya yi, in kayan ne suka motsa su kaɗai ka sake. Ka tsaya a Kalgo ko Bunza ka ƙara tamke shi, kaya suna zama bayan an ɗan yi tafiya, ɗaurin sai ya saki.

Gefen salansa kuma a bar tazarar aƙalla yatsu huɗu tsakaninta da jaka, kuma a gwada kana zaune a kai, don in ka hau babur yana sauka ƙasa, jakar da ka gani nesa sai ta kwanta a kan ƙarfe mai zafi. Takardu ka sa su a leda biyu cikin jakar da ke sama. Kar kaya su rufe fitilar baya da sigina da lamba, ko ba don jami'an kiyaye haɗura ba, mai motar da ke bayanka da magariba ko cikin hazon hunturu da wannan 'yar jar fitilar yake ganinka. Hular kwano ma a kai take, ba a rataye a madubi ba.

TAMBAYA: Daga Gummi nake. Mai ya yi tsada a ƙauyukanmu, ina so in riƙa ɗaura jarka in zan yi nisa, ko in sa a ƙara min girman tanki. Ya halatta?

AMSA: Ɗan'uwa na san halin da ake ciki, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa lissafi yake, kuma 'yan bumburutu a ƙauye sai abin da suka ce. Amma a Zamfara maganar jarka ta wuce maganar tsada. A 2021 gwamnatin jihar ta hana saida mai a jarka ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare saboda matsalar 'yan bindiga, kuma irin waɗannan dokokin ana sassautawa ana dawo da su, ƙaramar hukuma da ƙaramar hukuma ma sukan bambanta. Mutum a kan babur da jarkar fetur da ƙaton tanki zai sha tambayoyi a shingen jami'an tsaro ko da shi mutumin kirki ne. Kafin ka ɗaura komai ka tambayi shugabannin 'yan kabu-kabu na garinku ko ofishin 'yan sanda abin da ke aiki yanzu.

Ƙarin tanki ban goyi baya ba sam, tankin da aka yanka aka haɗa da walda yoyo yake yi, kuma a saman inji mai zafi yake zaune tsakanin cinyoyinka. In doka ta yarda da jarka, ƙarama ta lita 5 ta isa, mai murfi mai kyau, a tsaye, a gefen da ba salansa, a bar ɗan sarari a samanta don fetur yana kumbura da zafi. Abin da ya fi shi ne ka cika tanki a gari, ka wanke filtar iska, ka duba fulogi, ka rage gudu, lodi mai faɗi da gudu su ke shanye mai.

TAMBAYA: Me ya sa cen ɗina ke ƙara in na yi lodi, bayan bakanike ya ɗaure shi?

AMSA: Don ya ɗaure shi ne lokacin da babu kaya a kan babur ɗin. In nauyi ya hau, cen yana ƙara tamkewa. Ka hau da kayanka ya duba, ya bar masa wasan kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a ɗiga masa mai, ya bi sifokun baya da sifana ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi ƙarar sako-sako a ɗaure ta.