Zuciyarsa ta dawo, amma har yanzu bai farka ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya je awon hawan jini, sai ya yanke jiki ya faɗi a harabar asibiti. Ma'aikata suka yi ta danna masa ƙirji, suka buga masa na'urar lantarki, zuciyar ta dawo. Yau kwana biyu yana ɗakin reyanimasiyo (ɗakin kula da masu matsanancin ciwo), bai buɗe ido ba, fitsarinsa ya ragu, ƙafafu sun kumbura. Wasu ƴan'uwansa na cewa a maida shi gida. In zuciya ta dawo, me ya hana sauran jiki tashi? Wata baiwar Allah daga Birni, Damagaram.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kada a ɗauke shi daga gadon nan. Kwana biyu sun yi kaɗan a yanke hukunci.

Idan zuciya ta tsaya, kowace gaɓa tana rasa jini, sai dai ba haƙurinsu ɗaya ba. Ƙwaƙwalwa ce mafi raki. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗaukowa, kuma ba ta da ajiya. Cikin ƴan daƙiƙu mutum ya suma, daga minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta sun fara lalacewa.

Abin da mutane ba su sani ba, dawowar jinin ma tana da tata ɓarnar. Kamar ruwa mai ƙarfi ne bayan dogon rani: ana murnar saukarsa, amma shi ne ke cin gindin katangar laka. Jinin da ya dawo yana tayar da kumburi a ko'ina, ƙananan jijiyoyi su riƙa yoyo, ƙwaƙwalwa ta kumbura cikin ƙoƙon kai. Wani likitan Rasha, Vladimir Negovsky, tun 1972 ya bayyana wannan a matsayin cuta mai zaman kanta da ke biyo bayan farfaɗowa. Ita ake yaƙa da ita yanzu a jikin maigidanki.

Zuciyar kanta takan galabaita, bugunta ya yi rauni, a riƙa tallafa mata da magani ta jijiya. Galibi cikin kwana biyu zuwa uku ƙarfinta kan dawo. Ƙoda ta fi jinkirin farfaɗowa. Raguwar fitsari da kumburin ƙafa alama ce ta taɓu, shi ya sa za ki ga ana auna abin da ya taru a ledar fitsari ana rubutawa. Wani sai an yi masa wankin ƙoda na ɗan lokaci, da yawa kuma ƙodarsu kan murmure cikin makonni.

Ƙwaƙwalwa ce babbar magana, kuma ba zan rufe miki ba, raunin ta ne kan gaba wajen kashe waɗanda zuciyarsu ta dawo. To amma ƙa'ida ita ce ba a faɗin makomar wanda bai farka ba sai an cika aƙalla awa 72, kuma maganin barcin da aka ba shi ya fita daga jikinsa. Ga mai raunin ƙoda, fitar maganin kan jinkirta, sai mutum ya zama kamar ya yi nisa alhali magani ne ke danne shi. Likita zai haska masa tocila a ido ya ga ko ƙwayar ta tsuke, ya taɓa gefen idon da auduga ya ga ko zai ƙifta, a haɗa da hoton kai da awon lantarkin ƙwaƙwalwa inda akwai su. Alama ɗaya ba ta isa ba.

Abubuwa biyu a labarinki sun ƙarfafa mini gwiwa. Ya faɗi a gaban ma'aikata, aka fara danna ƙirji nan take. Sannan an buga masa lantarki, kuma irin tsayawar zuciyar da lantarki ke gyarawa ta fi sauran kyakkyawan ƙarshe. Masu kallon ƙwallo za su tuna Fabrice Muamba na Bolton, wanda zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta buga da kanta ba a 2012, ya kuma tashi da hankalinsa. Duk tsawon lokacin nan ba a daina danna masa ƙirji ba.

Sai batun zafin jiki. A 2002 bincike biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Ostareliya, suka nuna sanyaya majinyaci zuwa digiri 32 zuwa 34 na kare ƙwaƙwalwa, asibitoci suka rungumi hanyar. A 2021 wani babban bincike kan mutum kusan 1,900 a ƙasashe 14 ya gano sanyayawar ba ta fi hana zazzaɓi kawai amfani ba. Shawarar da aka bayar a 2022 ita ce kada zafin jikin majinyaci ya wuce 37.7 har awa 72. A ganina wannan labari ne mai daɗi gare mu, domin hana zazzaɓi bai buƙatar na'ura mai tsada, sai dai a zafin Damagaram yana son sa ido sosai. In kin taɓa goshinsa kin ji ɗumi, ki sanar da mai jinya.

In Allah ya sa ya farka, ki sa ran mantuwa, musamman ta abin da ya faru yanzu-yanzu. Zai iya tambayarki abu ɗaya sau biyar, ga gajiya da saurin fushi. Wannan kan ragu cikin watanni.

Kafin nan, ki roƙi ƴan'uwa abu guda. Addu'a da tofi a bakin gado ba mai hana su, amma kada kowa ya ɗura masa rubutu, ruwa ko kunu a baki. Wanda bai cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin zai zarce huhu ya haifar masa da ciwon huhu a kan wanda yake fama da shi.