Fatawa kan ƙugin kunne da nauyin ji, da sallar wanda ba ya jin kabbarar liman

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Zariya, shekaruna 54, kuma na fi shekara 20 ina sana'ar injin niƙa. Yau kusan shekara 3 ke nan kunnuwana suna wani ƙugi da ba ya ɗaukewa, wani lokaci kamar kukan gyare, kuma ya fi tsananta da dare idan gari ya yi tsit. Jina ma ya yi nauyi, har ta kai ba na jin kabbarar liman sosai. Na sha miƙewa mutane suna zaune, na sha yin ruku'u bayan sun ɗago, kunya ta sa na koma yin salla a gida, Juma'a kuma ina zuwa amma ba na fahimtar huɗuba. Wasu sun ce mini ana ambatona ne, wai akwai hadisi a kai, wasu kuma sun ce iska ce ko sammu. An ba ni shawarar sa na'urar ji. Mene ne hukuncin sallata, da alwala da na'urar, da ɗiga magani a kunne da azumi, kuma ko ya halatta in ci gaba da wannan sana'a?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa, ya sanya wannan ciwo ya zama kankarar zunubi, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa babu wata gajiya ko cuta ko damuwa da za ta sami Musulmi, har ƙayar da za ta soke shi, face Allah ya kankare masa kurakuransa da ita. Zan fara da abin da mutane suka faɗa maka, saboda muddin ba a kawar da shi ba, zai ci gaba da hana ka neman magani a inda yake.

Maganar da ake yaɗawa cewa Annabi (SAW) ya ce idan kunnen ɗayanku ya yi ƙara, ya tuna da ni, ya yi mini salati, ya ce Allah ya ambaci wanda ya ambace ni da alheri, Ɗabarani da Ibnus Sunni sun ruwaito ta daga Abu Rafi', kuma Imam Nawawi ya kawo ta a cikin littafinsa na azkar, shi ya sa ta shahara a bakin jama'a. Sai dai masana hadisi sun yi mata suka mai ƙarfi, domin hanyoyinta suna komawa ga Muhammad bin Ubaidillah bin Abi Rafi', wanda Bukhari ya ce hadisinsa abin ƙi ne. Uƙaili ya ce ba ta da asali, Ibnul Jauzi ya sa ta cikin hadisan ƙarya, Albani ma haka ya hukunta, duk da cewa Haisami ya kyautata ɗaya daga cikin isnadanta. Abin da na rinjayar shi ne ba a kafa hujja da ita. Ko da ma an ɗauka ta inganta, tana magana ne a kan ƙarar nan da kan zo wa kowa ta ɗan daƙiƙu ta wuce, babu mai hankalin da zai ce ana ambaton mutum dare da rana har shekara uku ba hutu. Salati ga Annabi (SAW) ibada ce mai girma a kowane lokaci, ka yawaita shi, amma kada ka ɗaure shi da wannan ƙugi a matsayin sunna.

Batun iska da sammu kuwa, ba mu musun cewa aljanu da sihiri suna nan, amma shari'a ba ta yarda a bar sababi bayyananne a tafi zato ba, musamman zaton da zai kai ka ga tuhumar maƙwabci ko ɗan'uwa ba tare da shaida ba. Sababinka yana cikin tambayarka. Likitocin kunne sun yi bayani cewa a can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai naɗi kamar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gashi waɗanda suke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi ta tsawon shekaru tana kashe su da kaɗan-kaɗan, waɗanda suka mutu kuma ba sa sake tsirowa, kuma sau da yawa ƙugin da ake ji yana tafiya ne tare da wannan lalacewa. Tsufa ma yana kawo haka, da toshewar dauɗar kunne, da sanƙarau, da zazzaɓin Lassa, da wasu magunguna irin su kwinin da allurar jentamaisin. Ka tofa wa kanka Fatiha da Falaƙi da Nasi, ka riƙe addu'ar nan ta safe da yamma, "Allahumma afini fi badani, Allahumma afini fi sam'i, Allahumma afini fi basari", sannan ka tafi asibiti, domin Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani ya ku bayin Allah. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, inda za a iya auna maka jinka. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙugin yana bugawa daidai da bugun zuciya, ko yana kunne ɗaya kawai, ko ya zo da hajijiya ko zubar ruwa, to wannan ba abin jira ba ne. Kuma ina hana ka ɗura man ja ko ruwan albasa ko turare a kunne, da sosa shi da tsinken ashana ko gashin kaza.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka, wato barin jam'i. Sallarka a gida ta inganta, amma ka yi wa kanka asarar daraja 27 a kowace salla a kan abin da malaman fiƙihu suka daɗe da warwarewa. Jin muryar liman ba sharaɗi ba ne na ingancin koyi da shi. Abin da ake nema shi ne mamu ya san motsin limaminsa, kuma Shaihu Khalil ya bayyana cewa koyi yana halatta ta hanyar jin mai isar da kabbara, ko ta hanyar gani, ko da mutum yana cikin wani gida ne. Ganin sahun da ke gabanka ko wanda ke gefenka ya wadatar. Wani sauƙi kuma shi ne, a mazhabar Imam Malik mai salla yana duban gabansa ne idan yana tsaye, don haka ba ka saɓa komai ba idan ka ɗaga idonka kana lura da sahu. Ka zaɓi wuri daf da bayan liman, ko tsakiyar sahu na biyu, ka guji ƙarshen sahun farko inda babu kowa a gabanka. A sujada, inda ido ba ya aiki, kafaɗar na kusa da kai ce za ta sanar da kai, kuma ɗan jinkirin da za ka yi kafin ka tabbatar ba ya cutar da sallarka.

Wurare biyu ne kawai za ka yi taka-tsantsan sosai, kabbarar harama da sallama, domin riga liman a cikinsu yana ɓata salla. Kada ka kabbarta sai ka ga na gabanka sun kabbarta, kuma kada ka sallame sai ka ga na kusa da kai ya juya kansa. A sauran wurare, idan ka miƙe bisa kuskure mutane suna zaune, sai ka koma ka zauna, babu ƙabli ko ba'adi a kanka, liman ya ɗauke maka. Idan kuma ruku'u ya wuce ka ba ka ankara ba, to idan ba raka'arka ta farko ba ce, sai ka yi ruku'unka ka riski liman muddin bai ɗago daga sujada ta biyu ta wannan raka'a ba, idan kuwa raka'arka ta farko ce, sai ka bi shi a inda yake, ka kawo raka'a ɗaya bayan ya yi sallama. Ƙugin da kake ji a cikin salla ba ya ɓata ta, kuma ba alamar rashin khushu'i ba ne. Haka nan ba dole ba ne ka ji karatun kanka, domin Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa karatun asirce shi ne motsa harshe da furta Alƙur'ani. Sai dai ka kula, mai nauyin ji yakan ɗaga murya bai sani ba, ka roƙi wani amini ya riƙa tunatar da kai don kada ka rikita na kusa.

Juma'a kuma wajibi ce a kanka kamar kowa, tunda a wurin malamanmu ana duba kusancin mazaunin mutum da masallaci ne, ba jin kiran salla da kunnensa ba. Shiru lokacin huɗuba ya hau kanka ko ba ka ji, kuma ba zaman banza kake yi ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usman bin Affan yakan faɗa a huɗubarsa cewa mai yin shiru wanda ba ya ji yana da rabon lada daidai da mai yin shiru wanda yake ji. Wasu malamai, daga cikinsu Hanbalawa, sun sauƙaƙa wa wanda ba ya jin huɗuba ya yi zikiri a asirce, to idan ka yi shi a zuciyarka ka fita daga saɓani. Bayan an idar, ka tambayi ɗanka ko abokinka abin da liman ya yi magana a kai.

Game da kunyar da ka ambata, ina so ka tuna da Ƙaluna, abokin Warshu wajen ruwayar ƙira'ar Nafi'u, wadda muka tashi muna karantawa a allunanmu da ruwayar Warshu. Masu tarihin maƙaranta sun ambata cewa yana da kurumta mai tsanani, amma duk da haka yana zama a karanta masa Alƙur'ani, yana duban leɓɓan mai karatu yana gyara masa kuskure. Ibnu Sirin ma an ruwaito yana da nauyin ji. Ka sanar da limaminku da waɗanda kuka saba haɗa sahu halin da kake ciki sau ɗaya, za ka ga dariyar da kake tsoro ta koma taimako. Idan an yi maka sallama ba ka ji ba, babu laifi a kanka. Ina kuma tunatar da iyalinka da maƙwabta cewa kiran mutum "kurma" da nufin izgili yana cikin jifa da laƙabi da Allah ya hana a Suratul Hujurat, aya ta 11, kuma abin da yake taimakon mai wannan lalura shi ne a fuskance shi a yi masa magana dalla-dalla, ba a yi masa ihu daga bayansa ba.

Na'urar ji halal ce, hukuncinta ɗaya da tabarau, kuma salla da ita ta inganta. Mutane da yawa sukan sami sauƙin ƙugin ma idan suka fara sa ta, domin sautin waje yana danne shi, kamar yadda ƙarar fanka ƙasa-ƙasa take taimaka wa wasu su yi barci. Shafar kunne a alwala sunna ce, sai ka cire na'urar ka shafa ka mayar, idan kuma ka manta ba ka shafa ba alwalarka tana nan. A wankan janaba dole ruwa ya game fatar kunne ciki da bai, amma ramin kunne shafarsa ake yi, ba a ɗura masa ruwa. Maganin ɗigawa da rana a Ramadan kuwa, Malikawa sun ce idan ya isa maƙogwaro sai a rama ranar ba tare da kaffara ba, ita kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1997 ta yanke cewa ba ya karya azumi muddin an kauce wa haɗiye abin da ya isa maƙogwaro. Idan dodon kunnenka lafiyayye ne maganin ba shi da hanyar wucewa, idan kuma likita ya ce ya huje, ka mayar da ɗigawar dare in zai yiwu, in bai yiwu ba kuma ka ji ɗanɗanonsa, ka rama.

Saura sana'arka. Niƙa sana'a ce ta halal da jama'a ke buƙata, ba zan ce ka bar hanyar abincin iyalinka ba. Amma ji amana ne, Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, lalle ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne, kuma ƙa'idar shari'a ita ce ba cuta ba cutarwa. A da ba ka sani ba, don haka babu zunubi a kanka game da abin da ya wuce, amma yanzu da ka sani, kare sauran jin da ya rage maka ya zama wajibi gwargwadon ikonka. Masana sun sa iyakar ƙara a wurin aiki a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ma'auni mai sauƙi shi ne, idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamar mita ɗaya daga gare ka ya ji ka, to ƙarar ta kai ta cutarwa. Ka sayi matoshin kunne na roba ko irin wanda ake kifawa a kan kunnuwa, domin auduga ba ta tsare komai sosai, ka riƙa kashe injin tsakanin niƙa da niƙa, ka ɗaure kusoshinsa ka sa masa mai, ka gyara salansarsa, kuma kada ka sa na'urar ji a kunne tana aiki alhali injin yana gudu. Idan kana da yaran shago, to kunnuwansu suna wuyanka, domin kai ne ka tsayar da su a wurin, kuma su ba su san abin da kai ka sani yanzu ba. Saya musu abin toshe kunne da raba musu lokacin tsayuwa a kan injin haƙƙi ne da ya wajaba a kanka kamar biyan su ladan aikinsu.

Allah ne Mafi sani.