Amsar tambayar Hajiya kan littattafan yara masu hotuna

Assalamu alaikum. Hajiya, na saurari saƙonki inda kike neman shawara kan yadda za ki zaɓa wa jikokinki 'yan shekara 4 zuwa 6 littattafai masu hotuna da za su koya musu juriya da zaman abota da son halittu, kuma na ga ya fi dacewa in amsa a nan domin sauran iyaye su ji.

Kafin ki karanta rubutun, ki fara bin hotunan su kaɗai daga farko har ƙarshe. Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne kacal, saboda haka marubucin ba shi da filin dogon bayani, kuma mai zane ne ke ɗauke da rabin labarin. Idan daga fuskar yaron da aka zana kika gane cewa ya tsorata, ya ja da baya, sannan ya daure ya sake gwadawa, to littafin ya yi aikinsa. Amma idan sai wani babba ya bayyana a shafin ƙarshe ya warware matsalar tare da dogon wa'azi, ni ba na ba da shawarar a saye shi, domin abin da yaro zai ɗauka shi ne ƙarfin zuciya na manya ne.

Batun abota ne ya fi bukatar lura. Masu bincike a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada sun fitar da sakamakon wani gwaji a 2017, inda aka karanta wa yara masu irin waɗannan shekaru labari ɗaya kan kyauta, wasu da hotunan mutane, wasu kuma da hotunan dabbobi masu sa tufafi da magana. Bayan an karanta musu labarin, waɗanda suka ga hotunan mutane ne suka ƙara yawan sitika (ƙananan hotuna da ake mannawa) da suka ba wa wani yaro kyauta, sauran kuwa ba su ƙara ba. A nawa ganin, wannan ba dalili ba ne na ƙaurace wa labaran dabbobi, tunda suna da daɗi kuma yara na son su, sai dai idan halin kirki ake son dasawa, gara yaro ya ga ɗan'uwansa yaro yana saɓani da abokinsa, yana fushi, daga baya su shirya.

Na halittu kuwa, ki nemi wanda tsuntsu ke yin sheƙa kamar yadda yake yi a zahiri, iri kuma ya ɗauki lokaci kafin ya tsiro.

Idan kin zauna karanta musu, ki riƙa tsayawa kafin ki juya shafi kina tambayarsu abin da suke tsammanin zai faru, kuma kada ki gaji idan suka nemi a maimaita littafi ɗaya kullum, don da maimaicin ne sababbin kalmomi ke zama musu. Allah ya raya mana su.