Neman labarin kakanka sojan igwa da ya rasu a yaƙin 1940

Ɗan'uwa daga Tawa, Allah ya jiƙan kaka. Kana tambayar inda za ka gano aikinsa a rundunar igwa ta Faransa da yadda ya rasu a Yaƙin Duniya na Biyu, kana kuma zaton hafsa ne.

Fara da gida: lambarsa ta soja, ko a bayan tsohon hoto take. Ni a cikin adakar kakata na tsinci tamu. Sai ka shiga shafin intanet na Mémoire des hommes, inda ma'aikatar tsaron Faransa ta jera sunayen sojojinta da suka rasu a yaƙi, ka gwada sunan ta hanyoyi da dama, don turawa sukan rubuta Mamadou a madadin Mahamadou.

Kada ka kafe kan cewa hafsa ne. 'Yan Afirka ƙalilan suka kai wannan muƙami lokacin. Takardun hafsoshi suna ma'ajiyar tarihin sojan Faransa da ke garin Vincennes, na mamatan yaƙin kuma suna reshenta na garin Caen. Wasiƙar neman su, samu wanda ya ƙware a Faransanci ya rubuta maka.