Shata laƙabi ne, ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an ba ku aiki a makaranta kan Alhaji Mamman Shata, kana so ka sani ko "Shata" sunan gidansu ne, irin wanda ake cikawa a fom, ko kuwa laƙabi. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sa biro.

Laƙabi ne. Sunansa na yanka Muhammadu, shi ne Bahaushe ke mayarwa Mamman. Mahaifinsa Ibrahim Yaro. A Musawa aka haife shi a 1923, ya rasu a 1999, aka rufe shi a Daura. Shata bai gaje shi daga uba ko kaka ba, laƙaba masa aka yi, sunan ya bi shi har ya danne na yankan.

Abin da ya rikita ka shi ne, mu a al'ada ba mu da sunan da zuriya duka ke ɗauka kamar Turawa. Ranar suna ake yanka rago a raɗa wa yaro sunansa, shi ke nan. In ana son bambance shi da takwarorinsa, sai a jingina shi da ubansa, ko garinsu, ko sana'arsa. Shi ya sa ka ji Aminu Kano da Shehu Shagari, sunayen garuruwa ne. Ga kuma alkunya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, dole a nemo wani abin kira. Makaɗa kuwa sun fi kowa laƙabi. Dubi Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, da ya rasu a 2015. Adamu ne sunansa, rashin iyaye tun yana ƙarami ya sa ake ce masa haka.

Sai dai laƙabi kan riƙiɗa. Da boko ta zo da rajista da fasfo, aka ce kowa ya kawo suna biyu, sai 'ya'ya suka riƙa ɗaukar sunan da duniya ta san ubansu da shi. Haka Ɗantata ya zama sunan zuriya a Kano, alhali laƙabin Alhaji Alhassan ne shi kaɗai. Don haka in ka ga wani cikin zuri'ar mawaƙin ya rubuta Shata a takardarsa, bai yi kuskure ba.

Kai dai ka rubuta cewa Muhammadu ɗan Ibrahim Yaro ne, wanda aka fi sani da Mamman Shata Katsina. In an duba aikin, ka turo mini in gani. Ka gaida mahaifiyarka.